Algaitar Uban Amarya

Shekara arba'in Hector Petrie yana gyaran famfo a ƙauyen Kinmorie, ba a taɓa samun wanda ya yi kuka da shi ba. Ranar da ya ajiye aiki kuwa sai ya tafi birnin Perth ya sayo algaitar salka, irin wadda ake hura wa iska a jakar fata, tun daga nan zaman lafiya ya yi ƙaura daga layinsu. Kullum da ya shanye kununsa na safe sai ya fita bayan gida, ya tsaya tsakanin kabeji da igiyar shanya, ya hura salkar ta kumbura, ya matse ta a hammata, ya kama aiki. Shekara shida ke nan yana fama da waƙa uku. Ta farkon takan taso lafiya lau, sai ta yi tuntuɓe a tsakiya ta faɗa cikin ta biyu, ta ukun kuwa ko shi kansa bai cika gane ta ba.

Matarsa Ishbel tsohuwar malamar makaranta ce, kuma wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya a tsakiyar yara ba ƙara ce za ta firgita shi ba. Ta haƙura, takan rufe taga ta ci gaba da sha'aninta. Haƙurin nan ya kai ta har ranar da 'yarsu tilo, Elspeth, ta zo cin abincin rana ta ce an sa ranar aurenta, farkon watan Yuni. Ana cikin murna Hector ya ajiye cokali, ya gyara zama, ya ce shi da kansa zai shigo da amarya coci da busa.

Elspeth ta dubi uwarta, ta dubi miyar da ke gabanta, ta ce, "To, Baba, in dai kana so."

Ishbel ta ce, "Ba ya so. Zolaya yake yi."

"Wace zolaya kuma? Ke Ishbel, busa a jininmu take. Kakata ta sha gaya mini, mu Petrie tun kaka da kakanni mabusa ne. Barewa ai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Rarrafen dai nake ji kullum da safe. Barewar ce har yau ban gani ba."

Ba don mugunta ta faɗa ba, tsoro ne ya kama ta. Dangin angon mutanen birni ne, kuma kawunsa mabushi ne na gaske, irin waɗanda ake ɗauka a jirgi su je gasa. Ishbel ta hango su zaune a coci suna cizon leɓe don kada dariya ta ƙwace musu, ta hango 'yarta a tsaye cikin farar riga tana neman inda za ta ɓoye fuska. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta hango mijinta yana ta haƙilo, fuska ja wur, bai ma san da shi ake ba.

Bayan Elspeth ta tafi suka ci gaba da ja-in-ja har aka kai ga yarjejeniya. Ishbel dama 'yar ƙungiyar masu binciken asali ce, suna taruwa duk ranar Talata a ɗakin karatu, kuma ta san an ɗauki hotunan tsofaffin kundayen kotun coci an zuba su a intanet, har da na Kinmorie. A zamanin da, dattawan coci su ne alƙalai, su ne 'yan sa-ido, kuma babu wanda suka tsana kamar mai busa a gidan biki. Duk mabushin da ya taɓa zama a garin, ba makawa ya gurfana gabansu, magatakarda ya rubuta sunansa.

Ta ce, "In na samu mabushi ko ɗaya a zuriyarku, ka busa har rufin coci ya ɗage. In ban samu ba, ka sa kwat ɗinka ka riƙe hannun 'yarka kamar kowane uba."

Hector ya miƙa mata hannu. "Na yarda. Amma ban da maguɗi, Malama."

"Ni ce zan yi maguɗi? Shekara nawa ina duba jarrabawa?"

Washegari ta ɗora kwamfuta a teburin kicin, ta haɗa shayi, ta buɗe kundin farko. Wanda bai taɓa aikin nan ba yana zaton suna kawai za ka rubuta, na'ura ta miƙo maka kakanka. Ina! Kundayen nan ba su da jerin sunaye, hoton shafi ne kawai, sai ka bi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ga rubutun kamar kaza ta yi tone-tone, ga tawadar bayan shafi ta ɓullo ta gaba, ga magatakarda kan gutsure kalma ya bar maka wutsiya ka ƙarasa da kanka. Kwana uku na farko Ishbel ba ta tsinci komai ba sai ciwon wuya.

Da idonta ya saba kuwa, sai ga ta tsundum cikin tsegumin mutanen da suka mutu shekara ɗari uku da suka wuce. Ga wadda aka kama tana yankan kabeji ranar Lahadi, ranar da coci ya haramta aiki. Ga mata biyu da suka dambace a tsakiyar wa'azi a kan wurin ajiye kujera. Ga wani da ya rantse ba giya ya sha ba, iska ce ta kayar da shi a kwata har sau biyu. Ishbel, wadda duk Kinmorie ta shaida ba ta shiga sabgar kowa, takan manta da shayinta har ya huce, tana cewa, "Kai, wannan mata ba ta da kunya!" A bayan gida kuma Hector yana nan yana yaƙi da salkarsa.

Zuriyar Hector ba ta ba ta wuya ba, don tun da daɗewa ta bi ta a littattafan baftisma har kan wani Gilbert Petrie. Abin da kundin kotu ya ƙara mata shi ne sana'a. Gilbert masaƙi ne, ɗansa masaƙi, jikansa masaƙi. Mutane ne masu shiru-shiru waɗanda ba su cika jawo wa kansu magana ba. Sau ɗaya tak aka kira Gilbert a kan laifin kansa, shi ma don ya yi barci ana wa'azi har da minshari. Ishbel ta ce a ranta wannan kam gado ne, shaida ce ita duk Lahadi.

Ana haka, a mako na biyar, ta juya zuwa shekarar 1743, sai gabanta ya faɗi. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a tsakiyar shafi: Ninian Petrie, mabushi, an kira shi don ya yi busa a wani biki har mutane suka yi rawa maza da mata a haɗe. Ta ƙara girman hoton, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa. Mabushi dai, ba masaƙi ba. Shafi biyu gaba ga shi kuma, shafi biyar gaba ga shi kuma. Mutumin nan ya saba da kujerar tuba da ke gaban coci, inda ake zaunar da masu laifi a idon jama'a, kamar kujerar ɗakinsa.

Ba za a ɓoye ba, ta yi tunanin rufe kwamfutar ta ce ba ta ga komai ba. Amma malama malama ce, ta cije ta ci gaba da karatu, kuma gaskiyarta ta yi mata rana. A wata shari'ar an kira Gilbert masaƙi ya ba da shaida a kan Ninian, kuma bisa al'ada sai da aka tambaye shi ko akwai dangantaka tsakaninsu. Ya rantse babu, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ninian baƙo ne, daga arewa ya zo da takardar shaidar hali daga cocinsu, kuma 'ya ɗaya gare shi, Marjory. Ko ta ina aka bi, babu igiyar da ta ɗaure shi da Hector.

Daɗi ya sa ta ƙara juya shafi, nan kuma ta ci karo da abin da ya sa ta dariya har da ƙwalla. Matar Ninian, Grizel, ta zo gaban dattawa da ƙafarta, ba wanda ya kira ta. Ta ce 'yarsu za ta yi aure, mijinta ya dage sai ya yi busa, ita kuwa ba za ta iya da abin kunya ba, domin ban da haramcin abin, duk garin ya san bai ma iya ba. Dattawa suka yaba mata, suka aika aka karɓe algaitar aka kulle a akwatin coci. Mako biyu bayan nan magatakarda ya rubuta, da alama ransa fari ƙal, cewa an ɗaura auren Marjory cikin natsuwa, ba a ji ko tari ba.

Ishbel ta bugi tebur. "Grizel, ke ce 'yar'uwata ta gaskiya!"

Ta leƙa ta taga ta ƙwala wa Hector kira. Ya shigo da algaitar a kafaɗa yana haki, ta zaunar da shi, ta nuna masa komai dalla-dalla kamar tana gaban allo: ga masaƙa, ga mai minshari, ga mabushi, ga rantsuwar da ta raba su. Ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa.

Ya ce, "Ashe dai akwai mabushin."

"Akwai, amma ba naku ba ne."

"Ita kakata fa?"

"Ta ji suna ta ɗauka nata ne. Ba ita ce ta farko ba, rabin 'yan ƙungiyarmu haka suke zuwa."

Ta shirya wa gardama, har ta tanadi amsoshi. Hector kuwa sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, alkawari kaya ne." Ya kwance algaitar gunduwa-gunduwa, ya goge kowace, ya naɗe su a tsohon bargo, ya jawo tsani ya kai su saman silin. Ya sauko ya tambaye ta ko akwai sauran miya.

Safiyar farko Ishbel ta buɗe tagogi duka, ta ji kukan tsuntsayen da ta manta akwai su a layin. Maƙwabcinsu Wattie ya miƙo mata ƙwai shida ta saman shinge, ya ce, "Ban san me kika yi ba, Ishbel, amma Allah ya saka. Kajina sun dawo da ƙwai." Ta karɓa tana murmushin wadda ta ci nasara.

Safiya ta biyu ma ba laifi. Daga ta huɗu abin ya fara yi mata wani iri. Hector yakan shanye kununsa, ya miƙe kamar zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya dawo. Ya kwance famfon banɗaki wanda ba abin da ya same shi, ya mayar. Ya kwance na kicin, ya mayar. Bai yi fushi ba, bai yi gori ba, har kwat ɗinsa ya kai wanki da kansa. Da ma faɗa ya yi, da ta san yadda za ta yi da shi.

Ran nan tana wanke-wanke, yana kwance a ƙarƙashin wurin wankin yana taɓa bututu, ta ce, "Ai ba hana ka na yi gaba ɗaya ba. Bikin kawai muka yi magana. Ka ci gaba da abinka a bayan gida."

Daga ƙasa muryarsa ta fito. "Don bikin nake koya, Ishbel. Tun ranar da ta kawo yaron nan gida na san za a zo nan." Ta ji ƙarar sifana, sannan ya ci gaba. "Kin ɗauka kurma ne ni? Na san ban iya ba. So na yi dai in yi mata wani abu sau ɗaya wanda ba gyaran famfo ba."

Ta ƙara ruwa a kwanon da ta riga ta ɗauraye.

Bincike ya ƙare, amma hannu ya saba. Washegari da hantsi ta tsinci kanta a gaban kwamfuta, ta ce bari dai ta ga yadda masu dambe a kan kujera suka ƙare. Ta buɗe kundi na gaba, ta shiga shekarar 1744. A watan Fabrairu sunan Grizel ya sake fitowa, sai dai wannan karon magatakarda ya ƙara mata kalma biyu: matar marigayi.

Allura ta tono garma. Ishbel ta matso da kujera, ta bi layukan da yatsa. Ninian ya rasu cikin hunturu, wata bakwai bayan bikin. Ranar jana'izarsa Grizel ta tare mai buga ƙararrawar coci, ta fizge mabuɗi daga ɗamararsa, ta buɗe akwatin, ta ɗauko algaitar. Ana cikin mayar da ƙasa ta tsaya a bakin kabari ta hura salkar, ita da ba ta taɓa riƙe ta ba. Shaidu suka ce ƙarar da ta fito ba ta yi kama da kowace waƙa ba, har dokin limamin coci ya tsinke ya bi ta gonar mutane, karnukan gari suka ɗauka gaba ɗaya.

Dattawa suka tambaye ta dalili, tunda ita ce da kanta ta kawo ƙarar algaitar nan. Magatakardan, wanda bai cika ɓata tawada a kan maganar mata ba, ya rubuta amsarta duka. Ta ce tun daga ranar bikin mijinta bai sake ambatar algaitar ba, bai zarge ta ba, ita kuwa kullum tana jira ya roƙa ta je ta karɓo masa, shi bai roƙa ba, ita ba ta je ba. Ta ce gidan ya yi mata shiru tun yana da rai. Aka yanke mata zaman Lahadi uku a kujerar tuba. Ta ce su ƙara ta huɗu tun yanzu, don ba ta gama ba.

Ishbel ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta juya shafi na gaba, ta juya na gaba, babu Grizel kuma, sai wani da ya kai hatsi niƙa ranar Lahadi. Ta zauna tana sauraren gidanta. Agogo na tafiya, firji na gunaguni, can a falo Hector yana juya jarida a hankali don kada ya dame ta. Tausayi da kunya suka kama ta, ta ji haushin kanta ƙwarai.

Rabonta da hawa tsani ta manta. Ta jawo shi, ta hau, ta cusa kai cikin silin, ta lalubo bargon, ta sauko da yanar gizo-gizo a gashi. Ta je ta dire shi a cinyar Hector, a kan jaridar.

Ya dube ta ta saman tabarau. "Me kuma ya faru? Kin gano kakan nawa ne?"

"Ban gano komai ba. Masaƙa ne ku daga farko har ƙarshe, ko mai fito ba ku da shi."

"To, ai kin ci."

"Na ci. Tunda na ci, ni ke da iko. Tashi ka haɗa ta."

"Ishbel, alkawari..."

"Da ni ka yi alkawarin, na yafe. Saura mako uku, kana zaune kana karanta farashin tumaki. Fita!"

Ya fita. Ba a yi minti goma ba ƙarar ta tashi, kajin Wattie suka watse. Wattie ya leƙo ta shinge fuska a murtuke yana cewa ai ya ɗauka an gama da wannan masifa. Ishbel ta ce in ƙwansa yake so ga guda biyu sun rage, ya zo ya karɓa.

Da yamma ta kira Elspeth a waya, tana shirin ba ta haƙuri. Yarinyar ta ce, "Mama, ni fa da gaske na ce in yana so. Ke ce kika amsa mini."

Ranar bikin an tashi da yayyafi, daga baya rana ta leƙo. Coci ya cika, dangin ango sun jeru a dama cikin shigarsu ta birni, kawun nan mabushi yana layin gaba ya harɗe hannuwa. A bakin ƙofa Hector yana tsaye cikin zanen gargajiyarsa mai gidan-dara, gwiwoyinsa a waje. Ishbel ta tsaya gyara masa kwala kafin ta shiga ta zauna.

Ya yi ƙasa da murya. "Ishbel, dariya za su yi."

"Za su yi mana. Ni ce ma zan fara. Busa."

Sai a nan aka lura da abin da ba wanda ya yi tunaninsa: mai busa hannunsa biyu duk a kan aiki suke, babu wanda zai ba amarya ta riƙe. Hector ya dubi hannuwansa, ya dubi 'yarsa, ya rasa yadda zai yi. Elspeth ta mayar da furanninta hannun hagu, ta kama gefen kwat ɗinsa ta baya da 'yan yatsu biyu, yadda takan yi a kasuwa tana 'yar shekara huɗu.

Ya hura salkar, ya matse, ƙarar ta fito a karkace ta cika cocin. Kawun ango ya runtse ido, wani yaro ya toshe kunne, dariya ta fara zagayawa daga layi zuwa layi. Ishbel ta so ta cika alkawarinta ta riga kowa, amma da ta waiga ta ga tsohon yana tahowa fuska ja wur, 'yarsa na biye tana riƙe da gefen rigarsa, sai dariyar ta ƙi zuwa. Ta laluba jakarta ba hankici, dole ta ari na uwar ango.